Tafiyar asuba ce ta dawo min da kwanciyar hankali

Lokacin da na rasa aikina, wallahi barci ma gagarata yake yi, sai ƙarfe uku na dare ina ta juyi a kan katifa, tunani kamar zai fasa min kai. Yayana ne ya matsa min in riƙa binsa bayan sallar asuba, mu taka zuwa gindin Dutsen Dala mu dawo, minti 30 ko 40 dai, gumi ya jiƙa riga, masu ƙosai sun fara hura wuta. Sati biyu da farawa na ga ina kwana lafiya, fushin nan da nake wa yara ba dalili ya ragu sosai. Ashe motsa jiki yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin endofin mai sanyaya rai. Damuwar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma yanzu ina iya ɗaukarta.