Daga Jeniba zuwa Neuchâtel, bin sawun alƙaluman ma'aikata

Sanyi ne ya fara tarbar mu a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, tun kafin mu ga tafkin da ake ta ba mu labarinsa. Daga filin jirgin sama zuwa tashar Cornavin da ke tsakiyar gari, jirgin ƙasa bai cika minti goma ba. Wani taron bita na masu aiki da alƙaluman ƙwadago ne ya kai ni, kuma na yi dacen abokin tafiya: wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jagorantar jami'an ƙidaya gida-gida. Kusan duk abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan, a gefensa na same shi.

Da safe muka hau bas zuwa hedkwatar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. Hanyar ta ratsa dandalin da ke gaban ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda wata katafariyar kujerar katako mai karyayyar ƙafa take tsaye don tunawa da waɗanda nakiyoyin da ake binnewa suka nakasa, sannan ta hau tudu. Ginin dogo ne ƙwarai, na kankare da gilashi, mutum ya gaji kafin ya kai ƙarshen barandarsa. An kafa ƙungiyar a 1919, cikin yarjejeniyar da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ɓangare uku ke zama a teburinta: gwamnati, masu ɗaukar ma'aikata, da ma'aikatan kansu. Shi ya sa da makullai uku aka buɗe ƙofar tsohon gininta na bakin tafki a 1926. Tun 2022 ɗan ƙasar Togo, Gilbert Houngbo, ke shugabantar ta, ɗan Afirka na farko a kujerar.

Amma abin da ya fi jan hankalina wani taro ne da ba a cika jin sa a labarai ba. Tun 1923 masana ƙididdigar ƙwadago na ƙasashen duniya suke haɗuwa, galibi a garin nan, a zamanin yanzu kusan duk shekara biyar, su amince a kan wane ne za a kira mai aiki, wane ne za a kira marar aiki. Abin da suka tsayar shi hukumomin ƙididdiga ke ɗauka su mayar tambayoyi. A zamansu na 1982 suka tabbatar da ƙa'idar da har gobe take tayar da ƙura: wanda ya yi aikin awa ɗaya kacal, don lada ko don riba, a makon da ake tambaya a kansa, mai aiki ne.

Da aka maimaita wannan a zauren, raina bai kwanta ba. Muna fita shan iska na ce wa dattijon, "Malam, awa ɗaya fa? Wanda ya yi dakon kaya sau ɗaya ya kwana shida a zaune, shi ma a ce yana da aiki?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zauna tukuna. Ba a ce ya wadata ba. An ce ya yi aiki ne kawai." Ya bayyana mini cewa an ja layin a ƙasa sosai ne don rukunin marasa aiki ya ƙunshi waɗanda ba su taɓa komai ba sam, kuma don duk aikin da ya shiga arzikin ƙasa ya bayyana a lissafi. Yawan awanni tambaya ce ta daban, tana gaba a takardar, kuma daga ita ake fitar da waɗanda suke aiki amma bai ishe su ba. Ya ƙara da cewa jami'in da ya san aikinsa ba ya tambaya "kana da aiki?" Matar da ke ɗinki a ɗakinta za ta ce ba ta da shi, yaron da ke tsare wa mahaifinsa shago ma haka, domin a wurinsu aiki shi ne na ofis mai albashi. Sai a bi su a hankali: a makon jiya kin yi wani abu da ya kawo kuɗi, ko na awa ɗaya? Ka taimaka a sana'ar wani na gida?

Shi kuwa marar aiki, sai ya cika sharaɗi uku: bai yi aiki a makon ba, ya nema a makonni huɗun da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara in an samu. Wanda ya gaji da nema ya haƙura ya fita daga rukunin. Nan ne abin ya fi damuna, domin mutumin da wahala ta fi cinyewa shi ne yake ɓacewa daga adadin da ake karantawa a rediyo. Zaman 2013 ya rage wannan giɓi, ya ba irin waɗannan mutane rukuninsu, ya kuma ware manomin da ke noma don cin gidansa kawai daga masu aikin lada ko riba.

An kawo misalin Najeriya a zauren, kuma ya dace. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ba da rashin aikin yi na ƙarshen 2020 a kan kashi 33.3 cikin 100, lokacin da take lissafa duk wanda bai kai awa 20 a mako ba a cikin marasa aiki. A Agustan 2023 ta koma ga ƙa'idar awa ɗaya, sai adadin watanni ukun farko na shekarar ya fito kashi 4.1. Mutane suka fusata, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ba ayyuka aka samar ba, ma'auni aka sauya. Sai dai rahoton ɗin ɗaya ya nuna sama da kashi 90 na masu aikin suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ko kariya. Inda babu tallafin marasa aiki, talaka ba shi da halin zama. Dole ya taɓa wani abu ya ci. Ƙaramin adadi a irin wannan wuri ba shaidar sauƙi ba ne, kuma a ganina nauyi ne a kan duk mai fitar da shi ya faɗi haka da babbar murya.

Wata safiya Malam ya tashe ni da wuri, ya ce akwai abin da yake so in gani da idona. Muka shiga jirgin Léman Express zuwa Annemasse, gari na farko bayan an tsallaka iyakar Faransa. Namu taragon kusan babu kowa. Da muka sauka sai muka tarar da dandamalin da ke fuskantar Jeniba maƙil: masu jakar kwamfuta, masu takalman aikin gini, wata mata tana gyara katin shaidar asibiti a wuyanta tana duba agogo. Sama da mutum 100,000 ne ke kwana a ƙetaren iyaka suna aiki a yankin Jeniba.

"To, wa zai ƙirga su?" in ji shi. In ka ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen Suwizalan ba za ka same su ba, a Faransa suke kwana. In ka tambayi kamfanonin Suwizalan mutum nawa suka biya albashi, ga su nan reras. A kan dandamalin nan na gane dalilin da ya sa gwamnatoci ke bin hanya biyu. Binciken gidaje mutane yake ƙirgawa, shi ke ganin marar aiki da mai sana'ar kansa. Binciken ma'aikatu guraben aiki yake ƙirgawa, shi ke ganin albashi da awanni yadda suke a littafin biya. Mai aiki biyu, a na farko mutum ɗaya ne, a na biyu sau biyu zai fito.

Amurka na yin duka biyun kowane wata. Ana tuntuɓar gidaje kusan 60,000 a kan makon da ranar 12 ga wata ta faɗo a ciki, kuma gida yakan shiga wata huɗu, ya huta takwas, ya dawo huɗu. A ɗaya hannun ana karɓar bayanan albashi daga kamfanoni da hukumomi sama da 100,000. Wasu amsoshin sukan makara, shi ya sa ake gyara adadin sau biyu a watannin da ke biye, abin da wanda bai san tsarin ba yake ɗauka maguɗi ne. Gidajen kuwa ba son rai ke zaɓar su ba, ƙuri'a ce. Kamar mai dafa miya ne: cokali ɗaya ya isa a san gishirinta, muddin an juya tukunyar da kyau.

Daga baya muka nufi Neuchâtel, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Jirgin ya bi gefen tafkin Léman, ya karkata arewa, gonakin inabi na hawa tudu a hagu, wani tafkin kuma ya buɗe a dama. Hukumar ƙididdigar tarayyar Suwizalan na manne da tashar, kana sauka kana ganin hasumiyarta ta gilashi. Ƙasar nan tana da adadin rashin aiki guda biyu, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya. Na farko daga rajistar ofisoshin neman aiki yake fitowa, a 2023 kashi 2 ne. Na biyu daga binciken gidaje da suke yi tun 1991 a kan ƙa'idar ILO, shi kuma wajen kashi 4. Galibin bambancin shi ne masu neman aikin da ba su yi rajista ba.

A kan albashi, duk shekara biyu suke tambayar kamfanoni, kuma adadin da suke sa wa a gaba shi ne na tsakiya: a jera ma'aikata daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a ɗauki na wanda ke tsaka. A 2022 faran 6,788 ne, kuɗin Suwizalan, a wata ga mai cikakken aiki, kafin a cire komai. Na fi yarda da wannan hanya a kan tara albashin kowa a raba, domin manyan albashi 'yan kaɗan sukan ja lissafin sama har ya daina kama da rayuwar kowa.

Muna zaune a benci muna jiran jirgin komawa, hira ta koma kan abin da ke ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya: mutane sun rage amsawa. A Birtaniya abin ya kai ga hukumar ƙididdigarsu ta dakatar da fitar da alƙaluman binciken gidaje a Oktoban 2023, saboda masu amsawa sun yi ƙaranci. Kuma waɗanda ba sa amsawa ba irin masu amsawa ba ne. Galibi matasa ne da masu yawan sauya mazauni da masu dogon aiki. Malam ya ce shi kan sa jami'ansa su koma gida har sau uku, a lokuta daban-daban, kafin su rubuta ba a samu kowa ba, kuma ba ya yarda a maye gurbin gidan da ƙuri'a ta zaɓa da na maƙwabci don ya fi sauƙi.

Na tambaye shi wace tambaya ce ta fi wuya. Bai yi jinkiri ba ya ce ta kuɗin shiga, musamman ga mai sana'ar kansa da ba shi da takardar albashi. Wani ya rage don tsoron haraji, wani ya ƙara don kunya, mafi yawa kuwa ba su taɓa raba ciniki da riba ba. Dole a bi da mutum kwana-kwana: me ka sayar, nawa ka sayo kayan, nawa ya tafi a sufuri. Ma'aikatan da ba su da rajista ko kariya, irin waɗannan, sun kai biliyan biyu a duniya, kusan kashi 60 na masu aiki, kuma su ne zaman masanan na 2023, wanda ya cika shekara 100, ya yi wa sabuwar ƙa'ida. Jirgin ya iso muka shiga, ya zaro takardar tambayoyinsa yana nuna mini layukan da yake so a sake rubutawa kafin jami'ansa su fita zagaye na gaba.