Rijiyoyin Maraɗi da abin da ke sauka cikinsu

Maraɗi ba ta da kogin da ke gudana daga damina zuwa damina. Gulbi yana kawo ruwa na ƴan watanni, ya ƙafe da rani, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, abin da ke iso mu ya ƙara raguwa. Yamai tana jan ruwanta daga kogin Isa, ta tace, ta raba wa jama'a. Mu kuwa, ko daga famfon gida ruwan ya fito, ko daga jarkar ɗan garuwa, ko daga ledar da ake sayarwa a tasha, asalinsa daga ƙarƙashin ƙasar da muke takawa yake.

Ruwan nan hawa biyu ne. Akwai na kusa, wanda ke kwance cikin yashin fadama, inda mai lambu kan iske shi bayan ya haƙa gaba kaɗan. Akwai kuma na nesa, cikin duwatsun yashi na babban kwarin Iullemmeden, wanda Nijar da Najeriya da Mali suka yi tarayya a kansa. Na kusa yana cika da wuri idan an yi damina mai kyau, amma da wuri yake ɓaci, domin babu abin da ya raba shi da sama sai yashi. Na nesa ya fi samun kariya, sai dai ruwa ne mai tafiyar hawainiya, wanda idan ƙazanta ta shige shi za a yi shekaru masu yawa tana nan.

Ƙazantar da ta fi kusa da mu ita ce ta masai. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙasa. Duk wanda ya san yadda gidaje suke a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Maradawa, inda rabon gado ya mai da gida ɗaya gida uku, ya san cewa mita 30 ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ko ka nisanta masanka da rijiyarka, na maƙwabcinka yana jingine da katangarku. Da damina kuma ruwan ƙasa yana tasowa, ramukan su cika, wasu su tumbatsa, shi ya sa ba abin mamaki ba ne cutar amai da gudawa ta fi zuwa a wannan lokaci. Annobar 2018, wadda ta faro daga gundumar Madarunfa a watan Yuli, ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar.

Ƙwayoyin cuta suna da magani, domin tafasa ruwa ko sa masa jabal, wato maganin kulorin, yana kashe su. Abin da tafasa ba ta cirewa shi ne sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga bayan gida da kashin dabbobi da takin zamani. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma idan aka tafasa ruwan ƙara taruwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita, musamman saboda jarirai, domin yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata.

A ganina babban haɗarin ba a masai kaɗai yake ba, yana cikin ramukan da muke haƙawa da kanmu har su kai ga ruwa. Idan famfo ya zo gida, sau da yawa sai a daina amfani da tsohuwar rijiya, daga nan ta zama wurin zuba shara, ko kuma a ɗora mata dabe a mai da ita masai, tunda ga rami a shirye ba sai an biya mai haƙa ba. Wanda ya yi haka ya tsallake duk yashi da laka da ke tace ƙazanta, ya zuba ta kai tsaye cikin ruwan da unguwa ke sha. Haka nan rijiyar burtsatse da aka gina da araha, ba a toshe gefen bututunta da siminti ba. Ratar da ke tsakanin bututu da ƙasa takan zama hanyar da gurɓataccen ruwan sama ke bi ya gangara zuwa ruwan nesa, kuma mai gidan ba zai taɓa gani ba, tunda ruwan da ke fitowa garai-garai yake. Mutane suna gina waɗannan rijiyoyi ne saboda ruwan famfo yana yankewa ko bai kai unguwarsu ba, wannan uzuri ne na gaskiya, amma aikin da aka yi ba daidai ba a gida ɗaya yana iya shafar gidaje da yawa.

Tibiri, da ke nan kusa da mu, ta nuna wa kowa cewa zurfi ma ba shi ne tabbacin lafiya ba. An fara amfani da wata rijiyar burtsatse a can a 1985, jama'a suka yi shekaru suna sha, sannan aka gano cewa ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na iyakar miligiram 1.5 cikin kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yara masu yawa sun tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, kuma wasunsu yanzu magidanta ne da ke ɗauke da wannan nakasa. A nan ba wanda ya zuba guba, daga dutsen ƙasa ta fito. Abin da aka rasa shi ne awon ruwa a kan kari, da sauraren iyaye tun lokacin da suka fara ganin canji a jikin ƴaƴansu.

Doka dai akwai ta. Dokar ruwa ta Nijar ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta tanadi a keɓe fili kewaye da duk wurin da ake jan ruwan sha na jama'a: na kusa da za a killace, sannan na gaba da shi inda za a hana ko a taƙaita juji da masai da makamantansu. Matsalar ita ce gari yana faɗaɗa da sauri. Rijiyar da aka haƙa a bayan gari, cikin gonakin hatsi, bayan ƴan shekaru sai ka tarar gidaje sun kewaye ta, ga gareji yana zubar da baƙin mai a gefe, ga kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini ya zama bola. Lokacin kare filin rijiya shi ne ranar da ake rabon fulotai, domin da zarar an sayar an gina, babu magajin garin da zai iya tayar da mutane cikin sauƙi. Ruwan jima da na rini, da takin da maganin ƙwari da ake zubawa a lambunan fadama har zuwa Jiratawa, su ma suna buƙatar a sa musu ido.

Abin da nake son gani daga ma'aikatar magajin gari da hukumar ruwa ta jiha shi ne a ƙidaya rijiyoyin burtsatse na gidaje da na masu sayar da ruwa, a san zurfin kowace da yadda aka gina ta. A riƙa auna ruwansu aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya da rani, ɗaya a tsakiyar damina, kuma a manna sakamakon a bakin famfo da Hausa, yadda mai saye zai iya karantawa ko a karanta masa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da ɗalibai da malamai da za su iya taimakawa da wannan aiki. Masu unguwanni kuma su ne suka san gidajen da ke da tsofaffin rijiyoyi. Rufe irin wannan rijiya ba ya buƙatar kuɗi masu yawa: a kwashe sharar da ke ciki, a cike ta da yashi mai tsafta da laka, sannan a rufe bakinta da siminti.