Ajin Kogin: Abin da Zan Faɗa wa Masu Zuwa Bayana

Kaya na ɗaure, saura kaɗan in bar Hirosaki, birnin nan na arewacin Japan, kuma 'yan'uwa ɗalibai sai tambayata suke ko su shiga ajin ɗinkin nan na ranar Asabar. Ku shiga, amma ku fara jin yadda ta kaya tsakanina da malamarsa.

Duk wanda ya yi hunturu a Aomori, jihar da Hirosaki take, ya san abin da ke tura mutum neman aikin hannu. Ƙanƙara ta toshe ƙofa, kafin ƙarfe biyar duhu ya shiga. Ni kuwa da ɗinkin hula na tashi a gidanmu, don haka da na ji ana koyar da kogin, wato salon sashiko (ɗinkin hannu na gargajiyar Japan) na nan yankin Tsugaru, sai na ce ai gida na zo. Farin zare a kan yadi mai rinin shuni, wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ba zai ga baƙon abu ba.

Aikin dai ya sha bamban da namu. A hula mai zane ne ke fitar da fasali a jikin yadi, ke kuma ki bi sawunsa da allura, kina jan zare ya kwanta tsam. A kogin ba a zana komai a yadi. Zaren saƙar ake ƙirgawa, a tsallake ɗaya, ko uku, ko biyar, ko bakwai, layi bayan layi, daga tsakiya zuwa waje, har siffar ta fito da kanta. Allurar ma ba ta da tsini, don ta ratsa tsakanin zaren saƙa ba tare da ta tsaga shi ba. A ƙarshen kowane layi ana barin ɗan sararin zare ta baya, in ba haka ba yadin ya tattare.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe, jimla ɗaya ce a baki. Malamar ba ta faɗa mini ba. Ta bar ni na yi makonni ina cika gaban wata 'yar jaka, sannan ranar nan ta karɓa, ta juya bayanta, ta ɗauki almakashi ta yanke zaren layi-layi a gaban kowa, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ce ta jawo hannuna bayan an tashi, ta nuna mini yadda ake sassautawa, cikin abin da bai kai shan shayi ba. Daga baya na lura cewa idan 'yan gari suka yi irin wannan, zama take kusa da su ta warware musu da bakin allura a hankali. Almakashi nawa ne ni kaɗai.

Mutane sun ce in yi mata uzuri, wai haka aka koyar da ita. Wataƙila. Tarihin ɗinkin ma ba na jin daɗi ba ne. Auduga ba ta yi a wannan sanyi, kuma a 1724 masarautar Tsugaru ta hana manoma sa tufafin auduga, sai na wani zare mai kaushi irin na rama, wanda iska ke ratsawa. Matan ƙauye ne suka riƙa toshe ramukan saƙar da zare don rigar ta riƙe ɗumi, ta kuma jure ɗaukar kaya a baya. Da jirgin ƙasa ya iso Hirosaki a 1894, yadin auduga ya yi araha, sana'ar ta kusa mutuwa, sai da masu rajin aikin hannun talakawa irin su Yanagi Soetsu suka sake ɗaga ta. To abin da ya taɓa kaiwa bakin kabari saboda rashin masu yi, ban ga dalilin korar mai son koyonsa ba.

Ban daina zuwa ba, har da gayya. Na sake jakar daga farko, na yi shimfiɗar tebur mai salon Mishima, mai ratsi uku. Ranar baje kolin ƙarshen shekara kowane aiki da sunan mai shi a ƙasa. Nawa an rubuta "ɗalibar ƙasar waje", an ajiye shi kusa da wurin rataye laima. Ina tsaye baƙi suka riƙa juya bayansa suna dubawa, kuma ba wanda ya sami inda yadin ya tattare.

Sauran darussan ƙanana ne. Ku fara da yadi mai manyan ramuka kafin ku taɓa na gargajiya. Kada ku yi ƙirga da dare a kan baƙin shuni, ido ne zai biya. Kuskuren zare ɗaya a layin tsakiya yana bin aikin har baki, gara a duba shi tun da wuri.

In kun je, ku zauna ta wajen taga, kusa da dattawan nan masu kawo tuffa a leda. Su ne malaman ajin na gaskiya. Ita kuwa ku gaishe ta yadda ya kamata, ku biya kuɗin wata a kan lokaci, kuma kada ku miƙa mata aikinku alhali almakashi na kan tebur.