Kan sawun mutumin da magana ta ɗauke wa a Paris

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 7 ya sauke ni a tashar Kremlin-Bicêtre, kudu da Paris, da hantsi ana yayyafi. Asibitin Bicêtre yana aiki har yau. Motocin ɗaukar marasa lafiya na shige da fice ta gefen tsofaffin gine-ginen dutse, ma'aikata na ta sauri, kowa da abin da ke gabansa. Ni kuwa wani majinyaci ne ya kawo ni, wanda ya rasu a nan ranar 17 ga Afrilu, 1861.

Sunansa Louis Victor Leborgne. Yana ɗan shekara 30 magana ta ɗauke masa, aka kwantar da shi a 1840. Shekara 21 ya yi, kome aka tambaye shi sai ya ce "tan, tan". Amma yana fahimtar abin da ake faɗa, yana nuni da hannu. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san yadda 'yan dubiya ke hira a kansa sai ka ce ba ya ɗakin, alhali idonsa na bin bakin kowa.

Dab da rasuwarsa likitan fiɗa Paul Broca ya duba shi. Bayan ya cika, Broca ya buɗe ƙoƙon kan, ya tarar gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar ya lalace. Ya ce nan ne ake harhaɗa furuci. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya gano wani gurbin can baya, wajen saitin kunne: idan shi ya taɓu, mutum zai yi ta zuba, maganar ba kai ba gindi, kuma ba ya gane ta wasu.

Da azahar na ratsa asibitin Salpêtrière, inda likita Jean-Martin Charcot ya zama farfesan cututtukan jijiyoyi a 1882. Ban daɗe ba, hankalina na kan ƙwaƙwalwar Leborgne. Broca ya ƙi yanka ta, ya adana ta a kwalba, ta daɗe a gidan tarihin Dupuytren. An rufe gidan a 2016, aka kwashe kayan zuwa harabar jami'a ta Jussieu, don haka ban samu ganinta ba.

Ƙin yankan nan ya yi rana. A 2007 mai binciken ƙwaƙwalwa Nina Dronkers da abokan aikinta suka fitar da hoton MRI na ƙwaƙwalwar, wato hoton da ke nuna cikinta ba tare da an yanka ba, sai ga lahanin ya nutsa ciki fiye da inda idon Broca ya kai, ya cinye har zaruruwan da ke sada gaban ƙwaƙwalwa da bayanta.