Yadda na rubuta labarin soyayya a gindin dalolin Meroe

Littattafan soyayyar da na taso ina karantawa a Zinder kusan duka daga Kano suke zuwa, kuma ina son su har gobe. Amma na daɗe da burin rubuta wanda masoyan za su haɗu a kan wata tambaya da ta girme su, mai karatu ya kwana yana lissafin wa ya ɓoye me. Ban samu bakin zaren ba sai da na je Sudan ziyarar dangi, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023.

Kowane tsohon gida a unguwar Birni ko Zango ta Zinder yana da labarin wani da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Namu ƙanin kakana ne. Irinsu da yawa sun yada zango a Sudan don neman guzuri, suka yi aikin auduga a gonakin Jazira, suka yi aure, tafiya ta zama zama. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau ana jin Hausa a wannan yanki. Jikan ƙanin kakan nawa, wanda nake kira Yaya, shi ya ce mini: "Ƙanwata, ba za ki koma Damagaram ba ki ga Bajarawiya ba."

Wurin yana arewa da Khartum da kimanin kilomita 200, gaba da Shendi. Nan ne maƙabartar sarakunan Kush, tsohuwar daular da babban birninta shi ne Meroe. Dalolin ba su kai na Masar girma ba, sun fi su tsini, siffarsu ta fi kama da dalar gyaɗar Kano da muke gani a tsofaffin hotuna, sai dai na jan dutse ne, rairayi ya hau gindinsu. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne da yawansu ba su da kai. Wasu zamani ne ya ci su, wasu kuwa hannun mutum ne. A 1834 wani Ba'italiye mai suna Giuseppe Ferlini ya zo neman zinariya, ya rusa dalar Sarauniya Amanishakheto tun daga sama, ya kwashe kayan adonta. Yau suna gidajen tarihi na Munich da Berlin a Jamus. Ina tsaye ina kallon tsibin duwatsun na san cewa labarina ba ya buƙatar aljani ko la'anar kabari. Ɓarnar ɗan Adam ta isa.

Na samu ma'aikata suna aiki a gefe, na roƙi Yaya mu zauna. A nan na koyi abin da ya riƙe littafin gaba ɗaya. Haƙar kayan tarihi aikin haƙuri ne. Tun bayan asuba suke farawa, kafin azahar rana ta kore su. Wani dattijo yana kankare ƙasa da ƙaramin cokalin magina, yaro yana kwashewa a bokiti, wani yana tankaɗewa a rariya. Tsingaro ɗaya, wanda a gida da tsintsiya za mu share shi, sai a goge shi da buroshi, a ɗauki hoto, a sa a leda, a rubuta lamba a jiki da cikin rajista. Na tambayi dattijon, ta bakin Yaya: "Baba, in abu ya ɓata fa?" Ya nuna mini rajistar, ya ce lambarsa ba ta ɓata.

Daga wannan amsar na gina sirrin. Yarinyar labarin 'yar Birni ce, ɗalibar tarihi, ta bi ayarin masu bincike, a jakarta akwai wasiƙar ajami guda da kakanta ya aiko kafin a daina jin ɗuriyarsa. Saurayin Bahaushen Sudan ne mai kula da leburori. A wata tsohuwar rajista suka ga lamba wadda kayanta ba ya nan, a gefenta kuma an yi rubutu da hannu irin na wasiƙar. Shin kakan ɓarawo ne, ko ya ɓoye abin ne don kada a fita da shi ƙasar? Ita tana tsoron amsar, shi kuma ya san fiye da abin da yake faɗa.

Gaskiyar wurin ita ta riƙa ja mini linzami. Babu ɗaki a cikin dalar Meroe. Kabarin yana ƙarƙashin ƙasa, an sassaƙa shi cikin dutse, ana sauka ta matakala daga gabas. Don haka babu zancen kulle masoya cikin dala, kuma dama tarbiyyarmu ba ta yarda da keɓewa ba. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin soyayyar da kunya ke tsare da ita ta fi zafi a takarda. Ya miƙo mata finjalin jabana, wato gahawar Sudan mai citta, a gaban mutane, ta karɓa ba ta ɗago ido ba. Yana yi mata Hausar kakanni mai gauraye da Larabci, tana gyara masa, yana sake yin kuskuren da gangan. Rubutun mutanen Meroe ma ya yi mini aiki: wani masani ɗan Ingila, Francis Griffith, ya gano yadda ake furta haruffansa wajen 1911, amma har yau mafi yawan ma'anar harshen a rufe take. Sai na sa su biyu suna karanta bango da baki, ba su san me suke faɗa ba.

A waya na riƙa sakin labarin babi babi ta WhatsApp. Masu karatun Zinder ba sa yafe ha'inci. Duk abin da zai warware sirri a ƙarshe dole ya kasance an gan shi tun farko, an wuce shi. Na sa lambar rajistar a babi na biyu, cikin hirar shan shayi. Wata yarinya daga Sabon Gari ta rubuto mini: "Tanti, wallahi na koma baya na gan ta, tana nan!" Wata uwa kuma ta aiko da murya tana kuka, ta ce mahaifinta ma haka ya tafi.

Da labari ya zo cewa an wawushe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum a cikin yaƙin nan, na kasa rubutu na wani lokaci. Dangina sun watsu, wasu sai da ƙyar muke jin muryarsu. Na bar labarin a shekarun da kafin yaƙi, ban taɓa shi ba. Labari na biyu da nake kai yanzu ya dawo gida Nijar, yankin Bura da ke yammacin ƙasa, inda aka gano mutum-mutumin yumɓu a 1975, masu fasa-ƙwauri kuma suka daɗe suna kwashewa zuwa kasuwannin Turai.