Famfon mai biyu na yi asara saboda na ƙi zubar da fetur lita talatin

Har yau idan na tuna famfon mai na biyu da na saya wa motata sai raina ya ɓaci. Na farkon ban ji zafinsa sosai ba, domin ya tsufa, gurɓataccen mai kuma ya ƙarasa shi. Na biyun kuwa sabo ne dal, ni na ce a tsoma shi cikin tankin da ba a wanke ba, bai cika sati biyu ba ya bi sahun ɗan'uwansa.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai inji 1.8, tankinta na cin lita 50. A cikin watan Agusta ne, damina ta yi tsakiya, ina dawowa Kano daga Kaduna, allurar mai ta kusa kwanciya. Da na wuce Zariya sai na shiga wani ƙaramin gidan mai da ban taɓa shan mai a cikinsa ba. Babu layi, farashinsu ya ɗan gaza na maƙwabtansu, harabar kuma cike da ruwan da aka kwana ana yi. Na sha lita 20. Ban yi kilomita goma ba mota ta fara fizga. In na taka totur sai ta shaƙe kafin ta amsa, in na hau gada sai in ji ƙara daga inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Can sai fitilar gargaɗin inji ta kama, kuma ba tsayawa ta yi ba, ƙyaftawa take yi.

Duk wanda ya san mota ya san bambancin nan. Fitilar da ta kama ta tsaya cewa take a duba ta idan an samu sarari. Wadda ke ƙyaftawa kuwa cewa take wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa, a tsaya yanzu. Na san haka, amma na ce bari in lallaɓa zuwa gida. Na ƙara lita 15 a wani babban gidan mai don mai kyau ya rinjayi marar kyau, na yi fiye da kilomita ɗari a haka.

Washegari a gareji aka sa mata kwamfuta, ta nuna P0300 da P0171, wato wuta na tsallake silinda, kuma man da ke isa inji ya yi kaɗan a kan iska. Aka ɗaura ma'aunin ƙarfin mai. Famfon wannan injin ya kamata ya riƙe tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi, nawa ko 30 bai kai ba. Famfo ya tafi, babu gardama. Sai mai garejin ya ce, "Alhaji, tunda mun buɗe, mu kwashe man nan gaba ɗaya mu goge tankin." Na tambaye shi lita nawa ne a ciki, ya ce zai kai talatin. Na ce, "Haba Malam, a wannan tsadar? Sa famfon kawai, sauran zai ƙone a hankali." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da zai ga an tsiyaye masa lita talatin a jarka bai ji a jikinsa ba, kuma wannan jin ne ya rufe min ido. Aka sa sabon famfo da sababbin fulogi huɗu, mota ta tashi, na biya na tafi.

Tunanin cewa mai kyau zai wanke marar kyau yana da gaskiya a wuri ɗaya kawai. Idan kananzir ne ko gas aka zuba a fetur, suna haɗuwa da shi su zama abu ɗaya, saboda haka in kaɗan ne ƙara fetur mai kyau yana rage musu ƙarfi. Ruwa ba haka yake ba. Nauyin litar fetur wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ne, litar ruwa kilo guda ce cur, don haka ruwa gindin tanki yake kwanciya, ko lita ɗari ka zuba a kansa yana nan. Bakin famfon kuma a daidai gindin nan yake zuƙa. Famfon waɗannan motoci a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke hana ƙarafunansa cin juna. In ruwa ya shiga sai tsatsa ta kama ciki. In laka ta toshe 'yar ragar da ke bakinsa sai ya riƙa ja da ƙyar, ya ɗau zafi, ya fara kuka kamar ƙudan zuma a ƙarƙashin kujerar baya. Na ji kukan nan tun kwana na biyar. Kwana goma sha biyu mota ta mutu a tsakiyar titi.

Wannan karon ban yi musu ba. Ga yadda muka yi aikin, kuma da an yi shi tun farko awa biyu ya isa. Ana fara katse wa famfo wuta a tada mota har ta mutu da kanta, don ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka, sannan a cire kan batir. A ɗaga kujerar baya, a buɗe murfin da ke ƙasanta, a zare waya da tiyon mai, a kwance abin da ke riƙe da gidan famfo, a ɗago shi a hankali kada a lanƙwasa hannun allura. Ta wannan ramin ake kwashe mai, da famfon hannu, zuwa jarka mai tsabta. Zura tiyo ta bakin tanki ba ya kaiwa gindi, sai ya kwashe fetur mai kyau ya bar maka ruwan, zuƙa da baki kuma hanya ce ta shigar da fetur huhu. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, ba sigari, ba janareta a kusa, ba mai walda a gefe. In an kwashe sai a sa hannu da tsumman da ba ya zubar da zare a goge gindin tankin har ya bushe, a leƙa da tocila. Ruwa da omo ba su da aiki a nan.

Abin da muka ɗebo na ƙarshe muka zuba a farar gora ta ruwan sha, muka ajiye minti goma sha biyar. Ya rabu gida uku. Sama fetur ne mai hazo, tsakiya ruwa, ƙasa jar laka da ɓarɓashin tsatsa. Ruwan da muka tara ya haura lita ɗaya. Da muka ɗiga na saman a farar takarda, fetur ya bushe amma ya bar tabon maiƙo, alamar akwai kananzir ko gas a ciki. Wannan shi ya bayyana min ƙarar tsakuwar da na ji a hanya. Injin nan yana son fetur mai lambar oktan 91, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba, kananzir kuwa tasa ƙasa take ƙwarai, sai cakuɗen ya riƙa fashewa da kansa a silinda ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kan fistin. Kwamfutar mota na jin dukan ta ja lokacin wuta baya don kare inji, shi ya sa ƙarfi ke raguwa shan mai ya ƙaru.

Ba famfo kaɗai kwana goma sha biyun nan suka ci ba, kuma nan ne abin ya fi min ciwo. Nozul huɗu, masu fesa wa inji mai, muka kai aka gwada a na'ura. Lafiyayye feshi yake yi kamar hazo. Biyu sun dawo daidai bayan wanki, biyu kuwa tsatsa ta ci bakinsu, ɗiga suke yi ko an rufe su, sai da aka sauya. Sababbin fulogin da ban gama mantawa da kuɗinsu ba sun yi baƙi ƙirin. Da na zaro sandar gwada baƙin mai sai na ga ya haura alama, ya tsinke, yana warin fetur. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya zurara ta gefen ringi zuwa ƙasa, sai ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya riƙa goga a busasshen bango. Aka juye, kusan lita huɗu, aka sauya filta.

Na ɗauka an gama. Sai mota ta ƙi wuce wani gudu ko an take totur har ƙasa, kwamfuta ta kawo P0420. Abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ya narke. Shi kamar saƙar zuma yake, aikinsa ƙona ragowar dafin hayaƙi, to in aka yi ta watsa masa ɗanyen fetur sai ya ƙone a cikinsa, zafi ya wuce ƙima, ramukan su narke su toshe, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Wannan ɓarnar ta fara tun daga tafiyar da na yi fitila na ƙyaftawa, kwanakin da suka biyo baya suka ƙarasa ta. Nan take aka samu mai cewa a farfashe shi a zubar, mota za ta fi gudu. Wanda nasa ke da lafiya ya yi hattara da wannan shawara, domin akwai ƙarafa masu tsada a ciki, akwai masu saye, kuma ba kowane mai cewa a cire ne yake faɗa don motarka ba. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na nemo ɗan Kwatano tare da sensar hayaƙi. Da na haɗa lissafi, kuɗin lita talatin ɗin da na yi wa rowa ko kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe bai kai ba.

Mutane na ɗora laifin gurɓataccen mai kan 'yan bumburutu kaɗai. Suna da nasu: jarkar da aka taɓa zuba gas ko man gyaɗa, fetur da ya kwana biyu a rana har sassauƙan ɓangarensa ya tashi ya bar mai danƙo, da wanda ake ƙara wa kananzir don ya yi auki. Amma nawa daga famfon gidan mai ya fito. Tankin ƙarƙashin ƙasa in ya tsufa ko murfinsa ba ya rufuwa da kyau ruwan sama na shiga, gidan man da ba ya ciniki kuma mansa daɗewa yake yi a kan wannan ruwan. Akwai wani man shafawa da ake goga wa sandar awo, yana sauya launi in ya taɓa ruwa, gidan mai na ƙwarai kullum yana gwadawa da shi. Wani lokacin ma matsalar daga sama take. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur Najeriya daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo Legas da Abuja. Shugaban kamfanin mai na ƙasa NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce gwajin da aka saba yi wa fetur bai ƙunshi auna metanol ba. Shi metanol yana kumbura roba, yana cin alminiyam, yana kuma jawo ruwa. Gwajinsa a gida ba wuya: a zuba ruwa mililita 10 a kwalba mai ma'auni, a cika da fetur zuwa 100, a girgiza a ajiye. In layin ruwan ya haura 10, akwai irin wannan sinadari a man, domin barin fetur yake yi ya koma cikin ruwa.

Yanzu ba na barin allura ta sauka ƙasa da kwata, don kada buƙata ta tilasta min shiga inda ban sani ba, kuma don famfo ya zauna a nutse cikin mai. Ba na shan mai a inda tanka ke saukewa ko ta gama yanzu, saboda saukewar na tayar da lakar da ta kwanta. Ina bin gidan da motocin haya ke yi wa layi, don su ne ke fara ganewa in mai ya lalace. Da damina ko a baƙon wuri ina sa a fara zuba min rabin lita a farar kwalba, in ɗaga ta a rana. Fetur mai kyau garau yake, in ya yi hazo ko na ga ɗigo na birgima a gindi sai in biya kuɗin rabin litar in wuce. Ina karɓar rasit, domin ranar da na koma wancan gidan man da gorar ruwan a hannuna, abin da aka fara tambayata shi ne shaidar cewa a wurinsu na saya, ba ni da ita. Maganin kwalba da ake zubawa a tanki yana taimakawa wajen narkar da danƙo a nozul, wani yana shanye ɗan raɓar da ta taru, amma babu wanda zai ɗauke lita guda ta ruwa, kada mai shago ya ce maka zai iya.

In mota ta sauya hali cikin kilomita kaɗan bayan shan mai, a kashe ta a nan, a ɗebi man daga gindin tanki a duba kafin a sayi ko fulogi ɗaya. Kuɗin janwe da man da ke cikin tanki su ne duk abin da ya kamata in rasa ranar da na sha man nan. Motar na tafiya lafiya yanzu, ƙarfin famfo na tsaye a 47, sai dai tun daga lokacin take shan kusan rabin lita na baƙin mai tsakanin juye da juye, abin da ba ta taɓa yi ba a baya, kuma mai garejin ya ce ringi ne, sai ranar da aka buɗe inji.