Neman tsoffin sulalla da na'urar gano ƙarfe a Bauchi

Mafi yawan waɗanda suka sayi na'urar gano ƙarfe suka jingine ta a lungu, ba na'urar ce ta gaza ba. Ba su san irin ƙarfen da suke nema ba, ba su kuma san halin ƙasar garin ba.

A fara da kuɗin. Anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro da rubutun Larabci, na zamanin Turawa ne. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, kafin a koma garwayen tagulla da nikel. Taro, sisi, sule da fataka da aka fara bugawa a 1913 azurfa ne, wajajen 1920 aka mayar da su gaci mai ruwan ɗorawa. Sisi, sule da fataka na 1959, da kwabo 5, 10 da 25 na 1973, garwayen tagulla da nikel ne. Kwabo hamsin da naira ɗaya na 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka shafe da nikel, mayen ƙarfe na kama su. Kuɗin wuri ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jin sa.

Ga amfanin sanin wannan. Na'ura tana ba kowane ƙarfe lamba, yawanci daga 0 zuwa 99. Ƙusa da tsatsa suna can ƙasa, azurfa da zallar tagulla suna sama. Garwayen nikel yana faɗawa tsakiya, daidai inda takardar alawa mai ƙyalli da kunnen gwangwanin lemo suke. Sabon shiga idan shara ta ishe shi sai ya ɗaga madannin tacewa don na'urar ta yi shiru. Za ta yi shirun, amma ya zubar da sule da aninin da ya fito nema. A tace baƙin ƙarfe kawai, sauran a haƙura a tona. Marfin kwalba shi ne babban maƙaryaci: ta gefe ɗaya ya ba da ƙara mai daɗi, idan an juyo ta wani gefen sai ƙarar ta kakkarye. Sulalla ƙararsa ɗaya ce ko ta ina aka zo masa.

Sai ƙasa. Bauchi gari ne na duwatsu, wurare da dama jar ƙasa ce da marmara mai ƙarfe a jikinta. Na'urar da ba a iya daidaita ta da ƙasa, irin Garrett Ace 250, za ta yi ta surutu a kan tsakuwa. Gara mai madannin daidaitawa kamar Nokta Simplex. Irin wadda masu haƙar zinariya suke so, mai nitso sosai amma ba ta bambance ƙarfe, ba ta da amfani a cikin gari. Daidaitawa ba wuya: a nemi wuri marar ƙarfe, a danne madannin, a riƙa ɗaga faifan da ke ƙasan sandar na'urar kamar taƙi ɗaya ana sauke shi har ƙarar ta lafa. Duk inda launin ƙasa ya sauya a sake. Kusa da taransifoma ko wayar wuta, a rage ƙarfin ji.

Kafin a fita, a binne kwabo, sule, ƙusa da marfin kwalba a tsakar gida, zurfin santimita 10, tsakaninsu taku biyu, a saba da muryar kowanne. Wajen lilo, faifai ya zauna kamar yatsa ɗaya daga ƙasa, a kwance, kada ya ɗaga a ƙarshen hannu. Kowane lilo ya hau rabin na baya. Faifai mai inci 9 zuwa 11 ba ya cika jin sulalla bayan santimita 20, don haka mai cewa tasa tana gano tulun kuɗi a zurfin gaba biyu ciniki yake nema.

Wuri kuwa, inda mutane suka daɗe suna zama suna sa hannu a aljihu: gindin tsohuwar tsamiya ko kuka da aka ci kasuwa, gefen filin idi, tsohon filin makaranta, hanyar rijiya. Sabon lambun shaƙatawa da aka cike da ƙasar tifa ɓata batir ne. Kwana ɗaya bayan ruwan sama ya fi, ƙasa ta yi laushi, na'ura ta fi nitso. Da rani ƙasar sai diga, digar kuma ita ke tsarge sulalla.

Kada a fara ba tare da an gaida mai unguwa da mai filin ba, a nuna musu na'urar ido da ido, a sanar da 'yan sanda idan fili ne na jama'a. Mutum da sanda mai ƙara yana yawo, wani zai ce zinariya, wani zai ce abin da ya fi haka muni. Maƙabarta, ragowar ganuwa, ƙofofin gari irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, da harabar kabarin Tafawa Ɓalewa ba wurin tono ba ne. Dokar 1979 ta sa haƙar kayan tarihi a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sai da izininta. Idan harsashi ya fito, a bar shi nan a kai rahoto.

Idan ƙara ta tsaya, a yi lilo gicciye a gane tsakiya, a yanka ƙasa nesa da wurin da kamar yatsa huɗu, a zuba a kan buhu, a bi da ƙaramar na'urar hannu. A mayar da ƙasar a take ta, kada akuya ko yaro ya karye.

Wanki da ruwa ne da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Tsamiya, lemun tsami da toka, da ake goge tasa da su, suna cinye rubutu da shekara. Koren da ke jikin kwabon tagulla a bar shi. Shekarar ake so a gani: akwai anini, ɗari da kwabo na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin shekarar ta ƙare. A busar da kowanne, a sa shi cikin 'yar takarda shi kaɗai, a rubuta wurin da aka same shi da zurfinsa.